HAWAN JINI DA MUTUMIN DA YA BAR GIDA

Wannan shi ne jawabin da wani likita ya yi wa taron fatake da 'yan kasuwa a wani zaure da ke unguwar GRA, Maiduguri. Da yake yawancin maganar ta shafi 'yan'uwanmu mazauna Kurmi ne, mun ga ya kyautu mu buga muku shi kamar yadda ya fito daga bakinsa.



An roƙe ni in yi magana a kan hawan jini, ni kuwa na karɓa da hannu biyu, domin na ga da yawa daga cikinku masu safarar Kurmi ne, waɗansu ma can suke zaune, ganin gida kurum ya kawo su. Amma ba zai kyautu a yi zancen lafiyar jama'a a garin Yerwa ba tare da an ambaci marigayi Farfesa Umaru Shehu ba, wanda ya rasu a 2023, bayan ya ƙare rayuwarsa a fannin da ke tare cuta tun ba ta kai mutum gadon asibiti ba. Allah ya jiƙansa.

Akwai wani dillalin shanu da aka taɓa kawo mini, mai kimanin shekara hamsin, wanda ke lodi nan yana kaiwa Agege. Wata safiya a can Ikko ya gama alwala, ya yunƙura zai miƙe, sai ya faɗi. Baki ya karkace, hannu da ƙafar dama suka saki. Maimakon a kai shi asibiti nan take, sai abokansa suka sa shi a mota aka yi kwana biyu ana tafe da shi gida, wai abokin hamayya ne ya yi masa jifa. Da na auna shi na sami 210 bisa 120. Na tambayi ƙanensa yaushe rabon da a auna jininsa, ya ce shi dai a saninsa ba a taɓa yi ba, domin Alhaji ko ciwon kai ba ya yi.

To, nan ne fa gizo ke saƙa. Zuciya famfo ce, jijiyoyi kuwa su ne bututun da take tura jini a ciki. Idan aka ɗaura wa mutum ma'auni a damtse, lambobi biyu ake karantawa: ta sama ita ce ƙarfin turin sa'ad da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma sa'ad da ta saki. Lafiyayyen baligi yakan tsaya wajen 120 bisa 80. In an auna a ranaku dabam-dabam aka ga 140 bisa 90 ko fiye, to, hawan jini ke nan. Yawancin masu shi ba su jin kome. Shekara da shekaru yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda da na ido, yana kumbura zuciya, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye a ce iska ce.

Kada ku ga laifin ƙanen Alhaji, gama su kansu likitocin Turai sun daɗe cikin duhu. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya mutu a 1945 da fashewar jijiyar ƙwaƙwalwa, ranar kuwa awonsa ya kai 300 bisa 190, alhali likitoci da yawa na zamanin suna ɗaukar hawan jini wani abu ne da ke zuwa da girma, wanda bai kamata a taɓa ba. A 1948 aka fara bin mutum 5,209 na wani gari mai suna Framingham, ana auna su bayan kowace shekara biyu, har aka tabbatar cewa gwargwadon hawan awon mutum, gwargwadon kusantarsa da ciwon zuciya da shanyewar jiki. A 1967 kuma wani bincike a asibitocin tsofaffin sojan Amurka ya nuna cewa saukar da shi da magani yana hana waɗannan masifu.

Mu kuwa a lokacin cewa ake yi cutar ba tamu ba ce. A 1929 wani likita Bature mai suna Donnison ya auna mazaje 1,000 a ƙauyukan Kenya, ya rubuta cewa da wuya a ga hawan jini a cikinsu. Wanda ya warware mana wannan zance shi ne marigayi Farfesa Oladipo Akinkugbe na Jami'ar Badun, wanda ya auna mutanen birni da na ƙauye a ƙasar Yarabawa, ya kuma wallafa littafi a kan hawan jinin mutumin Afirka a 1972.

Yanzu ga binciken da ya sa na ce maganar taku ce. A shekarun 1980 masana suka bi mutanen ƙabilar Luo da ke barin ƙauyukansu na yammacin Kenya zuwa birnin Nairobi neman aiki, suna kwatanta su da waɗanda suka zauna gida. Tun cikin watannin farko awon waɗanda suka tafi birni ya ɗara na 'yan'uwansu. Jini ɗaya, harshe ɗaya, amma abinci ya sāke: gishiri ya ƙaru, ganye da wake sun ragu, jiki ya yi nauyi, hankali kuma bai kwanta ba. Haka nan a 1997 aka buga wani bincike da ya kwatanta baƙar fata a wurare uku, har da unguwar Idikan ta Badun a ciki. Aka sami masu hawan jini 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, 26 a tsibiran Karibiyan, 33 a Amurka. Watau tushe ɗaya ne, zama ne ya bambanta su.

Ku dubi zaman namu a Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Mil 12, ko kasuwar shanu ta Lokpanta. Mutum ya bar iyali a Arewa, ba mai dafa masa. Da safe teburin mai shayi, taliyar leda da ƙwai, an juye mata ƙullin gishirinta duka. Da rana abincin sayarwa wanda aka cika wa dunƙule don ya ja masu saye. Da dare tsire da yaji, shi ma yajin dunƙule ne rabinsa. Mai gadi ba ya barci, direban tirela yana taunar goro don kada ya yi gyangyaɗi, ɗan dako kuma kowace yamma sai ya sayi haɗin maganin gajiya a kemis, ba ya sanin cewa irin waɗannan ƙwayoyin kashe ciwon jiki, in aka lazimce su, suna ta da jini suna kuma lalata ƙoda. Mu mutanen Barno da Yobe ba mu bukatar a gaya mana abin da ciwon ƙoda ke yi wa gida. Wanda ya taɓa leƙa sashen wankin ƙoda na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya ga yadda ake sayar da gona da shanu a kan gado ɗaya.

Binciken ƙasa baki ɗaya da aka yi a farkon shekarun 1990 ya sami masu hawan jini kimanin 11 cikin 100. Wani da aka yi a 2017 a dukkan shiyyoyi shida ya sami 38 cikin 100 na manya. Gaskiya ita ce ma'aunin farko 160 bisa 95 ne, na biyu kuwa 140 bisa 90, saboda haka ba dukkan tazarar ce ƙaruwa ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, a cikin masu cutar a binciken na biyu, kimanin 12 cikin 100 kaɗai ne jininsu ya sauka inda ake so.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da na cikin dunƙule da burodi da kifin gwangwani. Kanwa ma, wadda muke ɗauka daga bakin Tafkin Chadi muna kai wa mutanen Kurmi, 'yar'uwar gishiri ce, domin sinadarin sodiyam da ke ta da jini yana cikinta. Wannan ya kawo ni ga iyayenmu mata. A Zariya, a shekarun 1970, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka ɗora alhakin a kan wankan jego da kwanciya bisa gadon wuta da kunun kanwa. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranci wani bincike a asibitoci da dama, aka buga shi a 2020, ya nuna cewa rama da rashin abin hannu da hawan jinin lokacin goyon ciki sun fi waɗannan al'adu alaƙa da cutar. Ni dai ra'ayina, a ciyar da mai jego da kyau, a sassauta kanwar, in kuwa ta fara haki ko kumburin ƙafa, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara wuta. A kai ta asibiti ranar.

Game da magani, an samu ci gaba daga cikin gida. A wani bincike da aka buga a 2019, Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja da abokan aikinsa, har da na Kano, sun gwada haɗin ƙwayoyi iri uku a kan mutum 728 a ƙasashe shida na Afirka. Haɗi biyu da ke da ƙwayar amlodifin a ciki sun fi na ukun saukar da jini. Ƙwaya ce mai sauƙin kuɗi, amma likita ne zai ce ta dace da kai ko a'a, ba maƙwabcinka na rumfa ba. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya sha na wata ɗaya, a auna a ce jini ya sauka, sai ya ce ya warke ya daina. Maganin ne ya saukar da shi, ranar da aka bari kuma zai koma. Zoɓo da tafarnuwa da zogale abinci ne masu kyau, ban hana ba, amma ba su maye gurbin ƙwayar. Mai azumi kuma ya tambayi likita yadda zai mayar da shan maganinsa sahur ko buɗa-baki.

Na san uzurinku: wa zai bar kasuwa ya je ya yini a layin asibiti, a garin da ba ya jin harshensu? A birnin Los Anjalas na Amurka an gamu da irin wannan a wajen baƙar fata maza, sai aka kai awon da masu ba da magani shagunan aski 52. Da aka buga sakamakon a 2018, lambar sama ta waɗanda aka kula da su a shagon ta sauka da kimanin 27 cikin wata shida. Mu da muke da masallacin Juma'a da ƙofar Sarkin Hausawa da ƙungiyar 'yan kasuwa a kowane zango, me zai hana mu? A yi karo-karo a sayi na'urar awo mai batir, ta ɗaurawa a damtse, a koya wa samari biyu, a sami littafi ana rubuta awon kowa. Mutum ya zauna minti biyar tukuna, ya jingina baya, kada ya yi magana, kada kuma ya ci goro ko ya sha taba rabin sa'a kafin awon. Wanda aka ga nasa ya hau sau biyu, a haɗa shi da wanda zai yi masa tafinta a asibiti. Mutanen Shagamu da Abekuta ku sani tun 2020 aka fara wani shiri na kula da hawan jini a ƙananan asibitocin jihohin Ogun da Kano, sai ku tambaya a na kusa da ku.

Abu ɗaya ambaliyar Satumba ta 2024 ta koya mini, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga har asibitin koyarwa. Mutane da yawa sun zo mana katinsu da ƙwayoyinsu sun tafi da ruwa, in ka tambayi sunan maganin sai a ce fari ne ɗan ƙarami. Kowa ya sa a rubuta masa sunan maganinsa da ƙarfinsa a takarda, ya ajiye a aljihu, ya kuma ɗauki hotonta a waya. Matafiyi ya fi kowa bukatar wannan. In kuma kun ga bakin wani ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, asibiti mafi kusa za a nufa a cikin sa'ar, ba tashar motar Arewa ba.

Ma'aikatan jinya biyu suna bakin ƙofa da na'urar awo, mata ta hagu, maza ta dama. Shugaban taro ya yarda da shi za a fara.