Ƙiyayyar Turawa Ga Musulunci: Ina Ta Samo Asali?

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani malami ya gabatar wa 'yan uwa matasa a garin Basirka.

Bayan yabo ga Allah da salati ga Manzo (S), Malam ya ce ƙyamar da ake nuna wa Musulmi a Turai ba yau ta fara ba, tsohuwar shuka ce. A 1095 Fafaroma Urban na Biyu ya yi shelar yaƙi a garin Clermont na Faransa, a 1099 kuma mayaƙansa suka shiga Ƙudus suka karkashe Musulmi da Yahudawa. Ya ce domin a tara talakawa su fita yaƙin, sai aka riƙa faɗa masu wai Musulmi masu bautar gumaka ne. Hatta fassarar Alƙur'ani ta farko zuwa Latin, a 1143, an yi ta ne don raddi, ba don neman sani ba.

Malam ya ci gaba da cewa bayan faɗuwar Granada a 1492 an tilasta wa Musulmin Andalus barin addininsu, daga 1609 kuma aka kori jikokinsu kimanin 300,000. Tsoron daular Usmaniyya, wadda ta kai ƙofar Vienna a 1683, ya ƙara hura wutar.

Daga nan sai ya dawo gida. Ya ce da wannan gadon Turawan Ingila suka zo mana. A 1903 suka ci Kano, wadda ƙasar Gwaram da Birnin Kudu ke ƙarƙashinta a lokacin, suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. A 1906 suka rushe Satiru, suka auka wa Haɗejiya. Bayan haka duk malamin da ya ɗaga kai, sai a ce ɗan Mahadiyya ne, a sa masa ido.

Amma ya ja kunnen 'yan uwa. Ya ce tushen cutar shi ne yi wa al'umma kuɗin goro ba tare da an san ta ba. Wanda ya fito daga wannan zama ya tsani maƙwabcinsa Kirista, to ya kwashi cutar da aka zo yi masa bayaninta ne. A cikin Turawan ma akwai masu adalci, akwai waɗanda suka musulunta.

Ya rufe da kira ga matasa su dage da karatu, na allo da na boko, su san tarihinsu, don kada wani ya ba da labarinsu a madadinsu.