Kafin katafila ta iso: jawabin Shugabar Mata kan gyaran tsakiyar gari

Wannan shi ne jawabin da na yi a zamanmu na shugabannin mata na mazaɓu. Na sa an rubuta shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wadda ta iya karatu don Allah ta karanta wa maƙwabciyarta.

Tun da aka fara ganin ma'aikata da igiyar awo a bakin tasha, aka kuma shafa jan fenti a bangon wasu shaguna, wayata ba ta huta ba. Wata ta ce, "Shugaba, rusau ne?" Wata ta ce, "Shugaba, ni da ba ni da shago, teburi kawai gare ni, ina zan nufa?" Tambayar nan ta biyu ita ta hana ni barci, kuma a kanta zan fi tsayawa.

Bari in fara da yadda abin yake tafiya, don kada a riƙa ruɗa mu da Turanci. Idan gwamnati ta ce za ta sabunta tsakiyar gari, hukuma take ɗora wa aikin. Hukumar za ta zana taswira, ta ce titin nan za a faɗaɗa shi, nan lambatu zai bi, nan fitilun titi, kasuwa za a sāke gina ta, tasha za ta matsa. Daga nan sai awo, sai fenti, sai ƙidayar waɗanda aikin zai taɓa, sai takardar sanarwa, sannan katafila. Ku riƙe kalmar nan ta ƙidaya, za mu dawo mata.

An yi irin wannan a Jihar Kaduna a gaban idon kowa. A watan Yunin 2019 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta ƙaddamar da shirin sabunta birane a Kaduna da Zariya da Kafanchan. Ba yabo ya kawo ni ba, ba kuma zagi ba, darasi nake so mu ɗauka. Na fi son misalin Kafanchan don ba babban birni ba ne, ya fi kama da irin garuruwanmu. Gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Tun wajen 1927 nan ne mahaɗar layin dogo, wanda ya taso daga Fatakwal ya rabu, ɗaya ya yi Kaduna ɗaya ya yi Jos. Da jirgi ya yi sanyi sai tsakiyar garin ma ta yi sanyi, tituna suka farfashe. A shirin nan aka gyara titunan cikin gari, har da wanda ya bi ta fadar Sarkin Jama'a, kuma a Janairun 2022 Shugaba Buhari ya je ya buɗe su. A 2021 kuma an kafa wa biranen uku hukumomi na kansu, kuma a cikin shugabanni ukun da aka naɗa biyu mata ne: Hajiya Balaraba Aliyu-Inuwa a Zariya, Madam Phoebe Yayi a Kafanchan. Na faɗi wannan ne saboda masu ce mana maganar titi da kwalbati ba ta mata ba ce.

Kuma gaskiya, titi mai kyau da fitila alheri ne gare mu fiye da kowa. Mai ƙosai da take fitowa kafin asuba ta san amfanin haske. Wadda naƙuda ta taɓa kamawa da dare, mai Keke Napep ya ce ba zai shiga layinsu ba saboda taɓo, ita ma ta sani. Ruwan da yake shiga ɗakunanmu duk damina saboda lambatu ya toshe, wa yake kwashe shi da bokiti? Mu ne. Don haka kada a ji daga bakinmu cewa ba ma son gyara. Muna so.

Amma akwai ɗaya gefen. A watan Maris na 2020 aka rushe Kasuwar Barci da ke Tudun Wada a Kaduna, kasuwar teloli da 'yan gwanjo, domin a sāke gina ta. Makonni kaɗan bayan haka aka shiga kullen korona. Ku ƙiyasta halin da iyalai suka shiga. 'Yan kasuwar sun kai ƙara kotu, kuma abin da ya ba su ƙafar tsayawa a gaban alƙali shi ne suna da ƙungiya, suna da takardun shagunansu. To mai tallar fura a bakin ƙofar kasuwa fa? Mai soya awara a gindin bango? Wace takarda za ta nuna?

Nan ne doka take da wani lungu da ya kamata kowace mace ta sani. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, amana ce, kuma ta ba shi ikon karɓar fili idan za a yi aikin jama'a. Diyyar da ake biya ta abin da aka ɗora a kan filin ce, gini ko shuka, kuma wanda sunansa ke kan takarda shi ake kira. 'Yar haya ba ta cikin lissafin nan. Mai teburi ba ta ciki. Ita kuma wadda ta gina shago da kuɗin adashinta amma ta sa sunan maigida ko na ƙaninta saboda kunya, ita ma a takarda ba ta nan.

Ni wannan ba labari aka ba ni ba. Gwaggona, Allah ya jiƙanta, shekara goma sha ta yi tana sayar da daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya a rumfa ɗaya, a wani gari da ba sai na kama suna ba. Kullum tana biyan kuɗin tikiti, tana jefar da takardar. Ranar da masu ƙidaya suka zo ta tafi suna a ƙauye. Mai rumfar aka rubuta. Da aka gama sabuwar kasuwa, mai kyau wallahi, har da bene, kuɗin shago ɗaya ya fi jarinta sau nawa. Ta koma zaure tana kasa kayan a faranti, masu sayenta kuma ba su san inda ta koma ba. Ba ta sāke tashi ba. Har ta rasu tana cewa, "Da na zauna ranar nan." Ba wanda ya zalunce ta da gangan, sunanta ne kawai babu a littafi.

Shi ya sa nake roƙonku, tun yau, kowace mai sana'a a bakin tasha ko cikin kasuwa ko gefen titin da aka shafa wa fenti ta fara adana tikitinta da rasidinta. A samu leda ko gwangwanin madara a riƙa zubawa. A ɗauki hoton teburin da waya, da ke a tsaye a wurin, da kayanki. Idan haya kike, ki roƙi mai shagon ya rubuta miki 'yar takarda, ko layi biyu ne, cewa ke ce a ciki tun shekara kaza. Idan shagon naki ne amma sunan wani ne a kai, ku zauna a gida cikin mutunci a gyara. Ban ce a je a tayar da rigima da maigida ba fa, kada a ce Shugaba ce ta aiko ku. A yi magana da lalama, ko a sa babba a tsakani.

Shugabannin mazaɓu kuma, aikinku ne ku yi namu littafin kafin nasu ya zo. Suna, sana'a, wurin zama, shekara nawa a wurin. Kada a tambayi mace wace jam'iyya take yi kafin a rubuta ta. Katafila ba ta duba katin jam'iyya, kuma wadda muka tsaya wa yau ba za ta manta ba.

Da littafin nan za mu je wurin kansiloli da ciyaman. Kundin tsarin mulki ya sa kasuwanni da tashoshin mota da banɗakunan jama'a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, saboda haka ba wanda zai ce mana ba ruwansa. Abin da za mu nema ba shi da yawa. A nuna mana inda za a zaunar da mutane kafin a rushe, ba bayan an rushe ba, kuma wurin ya zama inda masu saye za su iya zuwa, ba bayan gari ba inda kuɗin mota zai cinye ribar. A ba da wa'adi mai tsawo, kada a yi shi ana gab da azumi ko tsakiyar damina. A sabuwar kasuwa a ware rumfuna buɗaɗɗu masu araha na masu teburi, waɗanda za a riƙa biya kullum ko duk wata, don ba kowa ke iya sayen shago mai ƙofar ƙarfe ba ko da an ce a biya kaɗan-kaɗan ta banki. Sai banɗaki na mata daban, da ruwa, da ɗan wurin salla. Wannan na banɗaki kada ku ji kunyar faɗa. Mace tana yini a kasuwa tana ƙin shan ruwa saboda ba ta da inda za ta zaga, kuma masu zana taswira ba za su tuna ba sai an tuna musu.

Sannan duk kwamitin da za a kafa na rabon shaguna, muna son mata a ciki, waɗanda suke zaune a kasuwar da kansu, ba matar wane ko ƙanwar wane ba. Ni kaina ba na neman kujerar. Na faɗa a zaman, ina maimaitawa a nan don ya zama shaida a kaina: idan kuka ga sunana ko na 'yata a jerin masu shago alhali ba mu taɓa kasa ko tumatir a kasuwar ba, ku tura hoton jerin a wannan zaure.

Wata 'yar'uwa ta tambaya ko wannan ba zai zama kamar muna yi wa namu adawa ba. Hajiya, lokacin zaɓe mu ne muke shiga gida-gida, mu ne za a tare a zaure a ce, "Ku ne kuka tashe mu." Gara mu faɗa wa shugabanni yanzu a ɗaki.

Ranar Asabar bayan la'asar kowace shugabar mazaɓa ta zo da littafinta, ko bai cika ba. Wadda ba ta da littafi ta yi mini magana, akwai guda shida a wurina. A tura wannan saƙo zuwa sauran zaurukan mazaɓu, kuma don Allah a rage turo sitika a ƙarƙashinsa don kada ya nutse.

Allah ya ba mu sa'a, ya tsare mana sana'o'inmu. Wassalamu alaikum.