Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba: Hattara da Abin da Kake Ɗorawa a Waya

Jama'a, makiyaya da ƴan kasuwar kan iyaka, na wannan ɓangare da na ƙetare. Ga abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa na kusa da shi.

Bari in fara da laifina. Bara da babbar salla na je rugar kawuna, na ɗauki bidiyon garkensa suna dawowa daga mashaya, na ɗora a WhatsApp don abokai su gani. Da labari ya kai masa, sai ya kira ni gefe ya ce: "Ɗan nan, ko surukina ban taɓa faɗa wa yawan shanuna ba. Kai kuma ka ƙirga wa duniya su?" Wallahi na rasa ta cewa. Tsohon nan bai san danna waya ba, amma ya fi ni sanin abin da na aikata.

To, kai mai sauraro, ka duba wannan magana. Ɓarawon shanu ko mai garkuwa da mutane abu uku yake nema kafin ya motsa: me kake da shi, ina kake, yaushe za ka bi hanya. A da sai ya nemi infoma cikin gari ya biya shi. Yau sau da yawa mu muke miƙa masa da hannunmu, kyauta.

Me kake da shi? Ka sayar da bijimai a kara, ka ɗauki hoton damin kuɗi, ko naira ko sefa, ka rubuta "Alhamdulillah". Ko ka ɗora rasit ɗin kuɗin da aka turo maka, ga sunanka, ga lambarka, ga adadi. Godiya ga Allah ba ta bukatar hoto. Wanda ya ga rasit ɗin nan ya riga ya san nawa zai nema in ya riƙe ɗanka.

Ina kake? Kai fuskarka kake kallo a hoton, wani kuwa bayanka yake dubawa: hasumiyar masallaci, tankin ruwa, allon makaranta, dutsen da ke kusa da mashekari, lambar motar da ka ɗora wa kaya. Ɗan yankin kallo ɗaya zai yi ya gane wurin.

Yaushe za ka bi hanya? Kowa ya san kasuwar Maigatari Alhamis take ci. In ka rubuta ranar Laraba cewa "gobe sai Maigatari, a sa mu a addu'a", ka faɗi ranar fitarka, kuma mai hankali ya san da yamma za ka juyo da kuɗi a jiki. Haka in ka kunna bidiyo kai tsaye daga cikin mota, ko kuna tashi da garke kuna bin burtali.

Kada ka ce wasa ne. Ku tuna watan Satumba na 2021, lokacin da hukumomin Najeriya suka katse layukan waya a jihar Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato, aka kuma rufe kasuwannin dabbobi na mako-mako. Dalilin da aka bayar shi ne a raba ƴan bindiga da masu kai musu rahoto. Mutanen Madarunfa da Gidan Rumji ba sa bukatar a ba su labarin wannan masifa, ta tsallako har ƙofar gida. In labari bai da daraja wurin mutanen nan, da ba a kai ga rufe waya ba.

Wani zai ce, ai abin da na ɗora bayan awa 24 yake ɓacewa. Gaskiya ne, yana ɓacewa a wurinka. Amma wanda ya adana shi a wayarsa fa? Magana zarar bunu ce. Wani kuma zai ce, ai a zauren ƴan kasuwarmu kawai na saka. Zauren WhatsApp guda yana iya ɗaukar mutum sama da 1,000, kuma kowa na ganin lambar kowa. Ka rantse ka san su duka?

Ba cewa muke ku jefar da waya ba. Da ita ake jin farashin kara, da ita ake sanin inda ruwa ya sauka, da ita ake cigiyar dabbar da ta ɓata. Sai dai a riƙe ta kamar yadda ake riƙe wuƙa. Ga abin da za ka yi:

Na farko, kada ka sanar da tafiya sai ka dawo. Wanda ya kamata ya sani, mutanen gida da abokin tafiya, kira su ka faɗa musu da baki.

Na biyu, hoton kuɗi, rasit, katin shaida da cikakken garke, kada su hau waya don nunawa. In mai saye na son ganin sa, tura masa na wannan san kaɗai, shi kaɗai.

Na uku, WhatsApp yana ba ka dama ka zaɓi waɗanda za su ga abin da kake ɗorawa. A Facebook ma akwai bambanci tsakanin "abokai" da "kowa da kowa". Sa wanda ka yarda da shi ya gyara maka, kana zaune kana gani.

Na huɗu, in wani ne ya buɗe maka shafi, ko a shagon caji ko a kasuwa, to shi ma yana da mabuɗin ɗakinka. Canza kalmar sirri. Sa wa wayar makulli kafin ka ba da ita caji. Lambobi 6 da WhatsApp ke turowa ta saƙo, kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce shi shugaban ƙungiyarku ne. Da su ake ƙwace shafin mutum, a koma ana roƙon ƴan uwansa kuɗi da sunansa.

Na biyar, in za ka yi cigiyar saniya, faɗi launinta da inda ta ɓata, amma ka ɓoye shaida guda, kamar tsagar kunne ko tabon da ke jikinta. Wanda ya kira ya ce ya gan ta, a turo masa na mota, tambaye shi wannan shaida. Ɗan damfara nan zai tsaya.

Na shida, ku ja kunnen yara. Sau da yawa ba maigida ke ɗorawa ba, saurayin da ke bin shanu ne ke neman mabiya a TikTok. Haka hotunan mata da ƙananan yara a biki ko suna: a nemi izininsu, kuma ba kowane hoto ne na kasuwa ba.

Iyayenmu sun yi fatauci daga nan har Gwanja, ba su taɓa shelar abin da ke cikin lalitarsu ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kafin ka danna, tambayi kanka: in wanda ba ya ƙaunata ya ga wannan, me zai ƙaru da shi?

Allah Ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu, Ya kai kowa kasuwa lafiya, Ya dawo da shi lafiya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.