Hawa Da Saukar Wayar BlackBerry

Batun yau shi ne wayar nan BlackBerry, wadda a wani zamani da wuya a ga babban ma'aikaci ko attajiri ba ya riƙe da ita.

Kamfanin Research In Motion na garin Waterloo, a ƙasar Kanada, shi ne ya fito da na'urar farko mai wannan suna a 1999. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne 'yan maɓallan haruffa da ke jikinta, irin na tafireta. Mutum ya buga wasiƙa da manyan yatsunsa biyu, ya aika, ba sai ya koma ofis ba. Sa'an nan saƙonninta a kulle suke tafiya, shi ya sa bankuna da gwamnatoci suka amince da ita. Har Shugaba Obama na Amurka ya ƙi rabuwa da tasa sa'ad da ya hau mulki a 2009. A Ikko kuwa, samari da 'yan mata sun yi ta musayar lambar BBM.

To, a 2007 kamfanin Apple ya kawo iPhone, mai fuskar gilashi zalla. Shugabannin BlackBerry suka ɗauka ɗan kasuwa ba zai taɓa yarda ya yi rubutu a kan gilashi ba. Ashe zai yarda. Kafin su farga, masu saye sun watse.

A 2016 kamfanin ya daina ƙera waya da kansa. Ran 4 ga Janairu, 2022, ya rufe hidimar tsofaffin wayoyin.