Ginin NET na Legas da Darasinsa ga Ƙungiyarmu



'Yan'uwanmu da ke zaune a Legas sun san ginin NET da ke titin Marina, wanda ake kira NECOM House. An kammala shi a 1979, hawa 32, tsawonsa kimanin mita 160, ya zama hedkwatar kamfanin da ke sada Nijeriya da ƙasashen waje ta waya. A 1983 gobara ta yi masa mummunar ɓarna. A 1985 aka haɗe NET da sashen tarho na P&T, aka kafa NITEL. Amma har wayar salula ta shigo a 2001, layukan tarho na ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba. Sannu a hankali NITEL ya durƙushe, aka sayar da kadarorinsa. Ginin kuwa yana nan tsaye.

Mu ma mun gina ajujuwa da ɗakin shan magani a garinmu. Gini bai isa ba, sai da kulawa da masu riƙon amana. Saboda haka muna roƙo, daga bana, a riƙa ware wani kaso na gudummawarmu domin gyara da biyan ma'aikata.

Allah ya taimake mu.