Dakta Bala Usman da Maganar Baƙo da Ɗan Gari

 

Yau za mu tuna da marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. An haife shi a Musawa a 1945, ya rasu a watan Satumba na 2005. Jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne, amma gefen talaka ya tsaya. A kwamitin rubuta tsarin mulki da Janar Murtala ya kafa a 1975, shi da Dakta Segun Osoba sun ƙi bin masu rinjaye, suka rubuta nasu rahoton. Daga baya ya zama Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna a mulkin PRP na Balarabe Musa.

Me ya haɗa shi da mu mazauna Mubi? A littafinsa na tarihin Katsina, wanda ya fito a 1981, ya nuna cewa jama'a daga wurare dabam-dabam ne suka taru suka gina ƙasar, irin su Wangarawa da Barebari da Fulani. Ashe ɗan garin yau baƙon jiya ne. Ita kanta Mubi sai a 1961 ta shigo Nijeriya, bayan ƙuri'ar raba gardama.

Duk da haka, ɗanmu da aka binne cibiyarsa a nan yakan je neman takardar shaidar ɗan asali a ce ya koma garin kakansa. Can kuma a ce ba a san shi ba. Karatu ya tsaya, aiki ya wuce shi.

Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya so a sashe na 41. Sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda asalinsa, na 43 kuma ya ba shi damar mallakar fili ko gida ko'ina.

Bala da hujja ya yi faɗa, ba da sanda ba. Mu ma haka za mu yi. Kowane gida ya adana takardar haihuwa da rasitin haraji. Wanda bai iya karatu ba ya zo ajin yaƙi da jahilci, kofa a buɗe take. Maƙwabtanmu Gude da Fali da Fulani kuwa 'yan'uwa ne, mu nemi haƙƙinmu cikin lumana.

Allah ya jiƙansa. Wassalam.