Kada Mu Bar Mata a Baya: Jawabi a Taron Hausawan Sabo

 

Maganata a kan mata ce. Manyan cikinmu ba su manta da watan Yuli na 1999 ba, lokacin da Shagamu ta kama da wuta. Ana bikin Oro ne, wanda a al'adar Yarabawa ba a yarda mace ta fito ba in ana yinsa. Aka kashe wata Bahaushiya da aka ce ta fito da dare. Daga nan rayuka masu yawa suka salwanta, gidaje da rumfuna suka ƙone, har aka yi ramuwar gayya a Kano. Haka a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021: cacar baki ce tsakanin ɗan dako da wata Bayarabiya mai juna biyu, wani mai gyaran takalmi ya shiga ya rasa ransa, kasuwa ta tashi.

To jama'a, ku duba mana. In masu gari suka aiko da sanarwar Oro, ina take tsayawa? Masallaci da majalisar dattawa. Mai tuwo-tuwo ba ta ji ba, yarinya mai talla ba ta ji ba, balle baƙuwar da motar Arewa ta sauke cikin dare. Ina roƙo kowane layi a sami dattijuwa guda da za ta bi gida-gida, malaman makarantar matan aure su faɗa a aji, shugabannin tasha kuma su tsare baƙi mata har gari ya waye.

Sa'an nan kwamitin sulhu. Me ya sa maza zalla? Matanmu sun fi mu jin Yarabanci, wallahi. Su ke haɗuwa da matan gari a famfo, da wurin awon ciki, da bikin suna. Ƙishin-ƙishin yakan riga zuwa kunnensu kafin namu. A ba su kujera biyu, su riƙa zama da Iyaloja, shugabar matan kasuwa.

Kuma in Allah ya kawo ƙaddara, ba fata ba, kowa shagonsa yake rugawa ya tsare, a bar mai jego da goyo tana neman barikin 'yan sanda da ƙafa. Tun yanzu a san inda za a kai su, da motar wa, da wanda zai kai musu ruwa da abinci.

Ku kuma samari, 'yan acaɓa da 'yan dako, in matar gari ta zage ku, ku haɗiye, ku kawo ƙara fada. Ranka ya daɗe, ina roƙon a fid da sunayen matan nan kafin a tashi.